DARASIN IYALI: ZAƁEN FIYANO NA LANTARKI DOMIN GIDAN KIRISTA

Gabatarwa

 Darasinmu na wannan wata ya taso ne daga wata tambaya da iyaye da malaman katekis suka yi ta kawowa, musamman daga iyalanmu na ƙasar Illela, can bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar: wane irin fiyano ya kamata mu saya domin yaranmu su koyi kiɗa a gida? Wani zai ce wannan zancen kasuwa ne, me ya kawo shi cikin jaridar Dayosis? Dalilanmu biyu ne.

Na farko, tun da aka kafa Dayosis ɗin Sakkwato a shekarar 1964, mu ƙaramin garke ne a cikin fili mai faɗi. A ƙananan majami'unmu, mai kaɗa fiyano sau da yawa baƙo ne: malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, ko ɗan bautar ƙasa. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, sai a mayar da fiyanon cikin kwali, ƙura ta rufe shi, jama'a kuma su koma ɗaga waƙa kowa da muryarsa. Maganin wannan yana cikin gidajenmu, inda yaro zai zauna kowace yamma ya koya. Na biyu, kuɗin wannan kaya ba kaɗan ba ne. Yakan kai kuɗin buhunan gero da dama, ko kuɗin makarantar yaro. Wanda ya yi zaɓen tumun dare, iyalinsa ne za su sha wuya.

Domin darasin ya tsaya da ƙafafunsa, za mu riƙa auna komai da gida guda da ke ƙauye kamar Tozai, a ƙaramar hukumar Illela, inda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, ƙura da zafi suke da yawa, mai gyara kuma yake nesa. Abin da ya dace da gidan Tozai zai dace da na Sakkwato da Gusau da Birnin Kebbi. Kafin a ci gaba, a karanta 1 Sama'ila 16:14-23 da Luka 14:28-30.

1. Matsayin kayan kiɗa a cikin bangaskiyarmu

Littafi Mai Tsarki bai raina kayan kiɗa ba. Tun a Farawa 4:21 aka ambaci Yubal, kakan masu kaɗa tsirkiya da masu busa. Sa'ad da Sarki Saul ya shiga damuwa, saurayi Dawuda ne aka kirawo ya kaɗa masa garaya har ya sami sauƙi. Mu lura, a cikin gida aka yi wannan kiɗa, ba a Haikali ba, kuma Dawuda ya riga ya gwanance tun yana kiwon tumakin mahaifinsa. Zabura 150 ta lissafa kayan busa da na tsirkiya da na bugu, ta kira su duka su yabi Allah. Amma annabi Amos, a sura 5 da ta 6, ya tsawata wa mutanen da suka cika gari da kaɗe-kaɗe alhali sun yi watsi da adalci. Ashe kiɗa yana da kyau, sai dai ana tambayar zuciyar mai shi.

Ekklesiya ta bi wannan hanya. Majalisar Batikan ta Biyu, a takardarta a kan tsarin sujada mai suna Sacrosanctum Concilium, wadda aka fitar ranar 4 ga Disamba 1963, ta ɗaukaka ogan mai bututu, ta kuma yarda a shigo da waɗansu kayan kiɗa bisa iznin shugabannin Ekklesiya na kowace ƙasa, muddin sun dace da ɗakin Allah. Takardar Musicam Sacram ta ranar 5 ga Maris 1967 ta ƙara haske: aikin kayan kiɗa shi ne su tallafi muryoyin jama'a, kada ƙararsu ta danne waƙa har a kasa jin kalmomin, su kuma yi shiru sa'ad da Fada yake furta addu'ar da ta rataya a wuyansa.

Wannan ita ce ƙa'idar da za mu riƙe har ƙarshen darasi: kayan kiɗa bawan murya ne. Majalisar ta kuma kira iyali ƙaramar Ekklesiya ta cikin gida, a takardar Lumen Gentium ta 1964. In haka ne, abin da aka ce game da majami'a ya shafi ɗakin da muke taruwa mu yi addu'ar dare. Muna neman kayan da zai koya wa hannu aiki, ya kuma taimaki iyali su raira. Duk wani abin da aka ƙara a kai ado ne.

2. Abubuwa uku masu suna ɗaya

A bakin jama'a, duk abin da yake da fararen madannai da baƙaƙe fiyano ne. Wannan suna ya bazu ƙwarai tun shekarun 1990, lokacin da makaɗan finafinan Hausa a Kano suka rungumi ƙananan na'urorin kamfanin Yamaha. Amma mai saye ya kamata ya san abubuwa uku ne dabam.

Akwai fiyano na asali, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙira a birnin Fulorans na ƙasar Italiya wajen shekarar 1700. Yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200, kowane madanni kuma yana tura ƙaramar guduma mai kan ulu ta bugi tsirkiya. In ka danna a hankali ya yi magana a hankali, in ka danna da ƙarfi ya ɗaga murya. Daga nan sunansa ya fito, gama a harshen Italiya piano na nufin a hankali, forte kuma da ƙarfi.

Akwai fiyano na lantarki. Babu tsirkiya a cikinsa. An ɗauki sautin fiyano na asali an adana shi a cikin ƙwaƙwalwar na'ura, sa'an nan aka yi wa madannansa 88 nauyi domin su yi kama da na asali a hannu. Irin wannan ya fara shiga gidaje a shekarun 1980. Yamaha ya fitar da Clavinova a 1983.

Na uku shi ne wanda mawaƙanmu suke kira kibod. Yawanci madannansa 61 ne, marasa nauyi, yana da ɗaruruwan muryoyi da ganguna da ke kaɗa kansu. Casio ya fitar da Casiotone na farko a 1980. Shi ne ya fi yawa a majami'unmu, shi ne kuma ya fi sauƙin kuɗi.

Game da na farko, kada mu daɗe. Fiyano na asali yakan kai kilo 200 ko fiye. Katakonsa yana son iska mai laima daidai, wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100. A ƙasarmu kuwa hunturu yakan busar da iska har laimar ta faɗi ƙasa da kashi 20, bazara ta kawo zafin da ya wuce digiri 40, damina kuma ta dawo da laima. Katako yana kumbura yana motsewa, tsirkiyoyi su saki, wani lokaci allon sautin ya tsage. Yana bukatar gwani ya daidaita shi aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara. Ina gidan Tozai zai samo wannan gwani? Ko da kyauta aka ba mu shi, ya zama kaya a kai. Na lantarki ba ya bukatar daidaitawa har abada, wannan kuwa babbar rahama ce a gare mu.

3. Tambayar farko: domin me?

Ubangijinmu ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Kafin a je kasuwa, uba da uwa su zauna su amsa wannan: me muke so yaron nan ya iya?

In bukatarmu ita ce ya riƙa raka waƙoƙin sujada a gida, nan gaba kuma ya taimaki ƙungiyar mawaƙa, madannai 61 sun isa. Zango guda na kiɗa, wato daga do zuwa do na gaba, yana da madannai 12, farare 7 da baƙaƙe 5. Madannai 61 zango biyar ke nan, muryoyi huɗu na ƙungiyar mawaƙa kuwa, daga mafi kauri zuwa mafi siriri, ba su cika waɗannan biyar ɗin ba. Ko babban ogan na katidiral, kowane jeri nasa na hannu yawanci madannai 61 ne. Saboda haka kada wani ya ji kunyar sayen mai 61.

In kuwa yaron ya riga ya nuna baiwa, yana da malami, ana kuma sa zuciya zai karanci kiɗa a makaranta mai zurfi, to sai a nemi mai madannai 88 masu nauyi. Yatsun da suka saba da madannai marasa nauyi sukan gaji da wuri ranar da suka hau fiyano na asali, ba su kuma iya sarrafa taushi da ƙarfi yadda ya kamata. Sai dai kuɗinsa yakan ninka na mai 61 sau biyu ko fiye.

Akwai kuma zancen ɗauka. Daga Sakkwato zuwa Illela tafiyar kilomita 80 da 'yan kai ce a mota, daga nan zuwa ƙauye sau da yawa sai babur. Mai madannai 61 bai kai mita guda ba, nauyinsa kuma wajen kilo 5. Mai 88 ya kai mita 1.3, nauyinsa ya wuce kilo 10. In za a riƙa kai shi majami'a kowace Lahadi a dawo da shi, a yi tunani a kan wannan.

4. Abubuwa biyar da za a duba

Na ɗaya, madannai su zama masu jin hannu. Wato in an taɓa a hankali sautin ya fito a hankali, in an buga da ƙarfi ya fito da ƙarfi. Waɗansu masu araha ba su da wannan. Ko yaya ka taɓa, ƙara ɗaya ce. Yaron da ya koya a kan irinsu zai kaɗa waƙar makoki da ta murna da hannu ɗaya. A duba kuma girman madannan: su zama cikakku, ba ƙananan nan na wasan yara ba. A kan wannan batu kada a yi sassauci ko kaɗan.

Na biyu, muryar fiyano da ta ogan su yi daɗi. Mai shago zai nuna maka muryoyi 400 ko 600, ya kunna ganguna, ya sa fitilu su yi ta walƙiya. Ba girin-girin ba, ta yi mai. A gida da majami'a murya biyu ko uku za a yi ta amfani da su shekara da shekaru. Ka ce a kashe komai, a bar muryar fiyano kaɗai, ka danna madanni guda ka riƙe, ka saurari yadda sautin yake mutuwa a hankali. Sa'an nan a kunna ta ogan, ka raira baiti guda na waƙar da kuka saba, ka ji ko tana ɗauke da muryarka ko tana faɗa da ita.

Na uku, yawan sautin da na'urar take iya riƙewa a lokaci guda. A takardarta za a ga lamba kamar 32, 48, 64 ko 128. Mutum zai ce, yatsu goma ne, me za a yi da 48? Dalili shi ne, in an taka feda sautukan da aka riga aka danna suna ci gaba da ƙara, in kuma an haɗa murya biyu kowane madanni yana cin rabo biyu. Idan lambar ta cika, na'urar takan yanke sautin farko. Ga mai koyo 48 ta isa, 64 kuma ta wadatar.

Na huɗu, ramuka biyu a bayansa: na feda, da na abin saurare na kunne. Fedar ita ce abin takawa da ke sa sauti ya daɗe. Ba a iya koyon fiyano sosai ba tare da ita ba. A gwada ta a shago, domin fedar wani kamfani takan yi aiki a juye a kan na'urar wani. Amfanin abin kunne za mu zo kansa a gaba.

Na biyar, maɓallin ɗaga waƙa ko sauke ta, da ma'aunin bugu. Na farkon yana taimako sa'ad da waƙa ta yi wa jama'a tsawo da sassafe. Amma mu gargaɗi yaranmu: wanda ya dogara da wannan maɓalli ya kaɗa kowace waƙa a kan do guda, ba zai taɓa zama gwani ba. Ma'aunin bugu kuwa shi ne malamin da ba ya gajiya, yana hana yaro gudu a wuri mai sauƙi da jan ƙafa a wuri mai wuya.

Domin misali kawai, ba talla ba: Yamaha PSR-E373 yana da madannai 61 masu jin hannu, yana riƙe sauti 48, yana kuma aiki da batir shida masu lamba AA. Casio CDP-S110 yana da madannai 88 masu nauyi, yana riƙe 64, shi ma yana karɓar batir shida. Yamaha P-45, da P-145 da ya gaje shi a 2023, da Roland FP-10, duk masu 88 ne masu nauyi, amma ba su da ɗakin batir, sai da wuta. Kamfanoni suna canza lambobi kowane 'yan shekaru, saboda haka a riƙe ƙa'idodin nan biyar, kada a haddace lamba.

5. Wuta, ƙura da zafi

A birane masu wuta, mutane sukan fara da zancen sauti. Mu a ƙauye sai mu fara da zancen wuta, gama fiyanon da ba ya kunnuwa tebur ne mai tsada. Abin farin ciki, waɗannan ƙananan na'urori ba su da ci. Yawancinsu ba su kai wat 20 ba. Ƙaramin faranti mai amfani da hasken rana, da batir da inbata, zai riƙe su. Wanda ba shi da wannan, ya zaɓi mai karɓar batir, ya sayi irin waɗanda ake sake yi wa caji in takardar na'urar ta yarda da su.

A kula da adafta ƙwarai. Wutar Nijeriya da ta Nijar tsakanin bolt 220 ne da 240. Kayan hannu da suka fito daga Amurka an yi su domin bolt 120, na Japan kuma 100. A karanta rubutun jikin adaftar kafin a soka. In ba a ga 220, 230 ko 240 ba, kada a gwada. Kada a ɗauko adaftar rediyo domin bakinta ya shiga ramin, kada kuma a haɗa fiyano kai tsaye da batirin mota. In da janareta ake aiki, a sa sitabilaiza a tsakani, a bari injin ya daidaita kafin a kunna. Da an ji tsawa da damina, a cire shi daga bango.

Ƙura ita ce maƙiyi na biyu. Tana shiga ƙarƙashin madannai, ta kwanta a kan robar da ke isar da saƙo, sai a wayi gari madanni guda ya yi shiru, ko ya riƙa ihu ko da an shafa shi a hankali. Maganin mai sauƙi ne: uwar gida ta ɗinka masa riga da yadi mai kauri, a rufe shi duk lokacin da aka tashi, musamman da hunturu. A goge shi da busasshen tsumma mai laushi, ban da kananzir da fetur. Kada a ajiye shi inda rana ke bugu ta taga, ko a bar shi cikin mota da tsakar rana. A ɗora shi a kan maɗori ko tebur, nesa da ƙasa, saboda ɓera da kyankyaso da gara. In za a daɗe ba a taɓa shi ba, a cire batir, domin ruwan batir yana cin ƙarfe.

6. A kasuwa

Ba a cinikin biri a sama. Ko a Sakkwato za a saya, ko a Sabon Gari ta Kano, ko a aika Alaba ta Legas, a tabbata wani wanda ya iya kaɗawa ya gwada kayan da hannunsa. A danna kowane madanni daga farko har ƙarshe, sau ɗaya a hankali, sau ɗaya da ƙarfi. A buɗe lasifika a ji ko tana rawa. A leƙa ɗakin batir a ga ko ya yi tsatsa. A bar shi a kunne kamar rabin sa'a. A dubi sunan kamfanin harafi harafi, gama akwai jabu masu suna mai kama da na gaske. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, a tambayi garanti, a kuma tambayi inda ake gyara.

Na hannu mai kyau ya fi sabo marar asali. Araha ba ta ado, amma tsada kaɗai ma ba shaidar nagarta ba ce. A sa kuɗin feda, maɗori, abin kunne, sitabilaiza da na mota cikin lissafi tun farko.

Mu mazauna bakin iyaka muna da wata jarrabawa ta musamman. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni ɗan taki ne, kaya kuma suna ratsowa ta hanyoyi da yawa. Mun ga yadda aka rufe iyakar a watan Agusta 2019 aka buɗe a Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. A irin waɗannan lokuta fasa-ƙwauri yakan yi ƙarfi. Manzo Bulus ya umarce mu a Romawa 13:7 mu biya abin da ya wajaba na haraji. Kayan da za a yabi Allah da shi, ya shigo gida ta ƙofa. Wanda aka kawo maka da dare, ba takarda, a kan rabin kuɗinsa, ka tambayi kanka ko ba daga wata majami'a aka ɗauke shi ba.

Kada kuma a ci bashi mai ruwa, ko a taɓa kuɗin makaranta da hatsin shekara. Bulus ya faɗa wa Timoti da kakkausar murya game da wanda ya ƙi kula da iyalinsa. In kuɗi bai kai ba, gida biyu ko uku su haɗa hannu, su rubuta a gaban malam katekis ranakun da zai kwana a kowane gida da wanda zai biya gyara. Ko kuma a yi adashi, a jira kaka mai zuwa.

7. Haƙƙin maƙwabci

Yawancin maƙwabtanmu a ƙasar Illela Musulmi ne, katangarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya. Manzo ya ce mu yi iyakar ƙoƙarinmu mu zauna lafiya da kowa. A nan fiyano na lantarki ya fi kowane kayan kiɗa, domin ana iya rage muryarsa, ana kuma iya sa abin kunne yaro ya yi ta koyo ba wanda ya ji. Mu koya wa yaranmu su kashe lasifika in an kira salla, da lokacin da ake zaman makoki a unguwa, da bayan an yi shirin barci, su ƙara kula a watan azumin maƙwabtanmu. Wannan ba tsoro ba ne, ba kuwa ɓoye bangaskiya ba. Ladabi ne, ladabi kuwa wa'azi ne da kowa yake fahimta. Sai dai iyaye su lura kada yaro ya ƙure ƙarar abin kunnen, gama ji in ya lalace ba ya dawowa.

8. Kada baƙo ya kori ɗan gida

Majalisar Batikan ta Biyu ta ce a girmama kiɗan gargajiya na kowace al'umma, a ba shi wurin da ya dace. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sake ƙarfafa zancen dasa Bishara cikin al'adunmu a wasiƙarsa Ecclesia in Africa, wadda ya sa wa hannu a Yawunde a 1995. Saboda haka fiyano ya shigo ne ya zauna tare da ganga da tulu da kacau-kacau na Zumuntar Mata, ba domin ya kore su ba.

Akwai abin sha'awa a nan. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke tafiya, baƙaƙen madannai biyar na kowane zango kuwa irin wannan tsani ne. A bar yaro ya nemi waƙar da kakarsa take rairawa a kan baƙaƙen kaɗai, sau da yawa zai same ta. Amma Hausa harshe ne mai hawa da sauka, ma'anar kalma tana rataye da karin sautinta. In waƙa ta ƙi shiga madannai daidai, mai kiɗa ya bi mawaƙa, kada a tanƙwara harshe domin a faranta wa na'ura.

Haka nan zancen gangunan da ke kaɗa kansu. Suna da daɗi a wajen biki. A cikin sujada kuwa na'ura ba ta san jama'a suna numfashi ba, ba ta san tsofaffi sun ja baiti ba, tafiyarta kawai take yi. Yaron da ya fara da su zai iya danna yatsa guda ya cika ɗaki da ƙara, ya ɗauka ya iya. A hana shi su har sai hannuwansa biyu sun iya raka waƙa su kaɗai. A koya masa kuma dokar lokatai: a Lokacin Zuwan Almasihu ana kiɗa da sauƙi, a Lokacin Azumi kuwa ana kiɗa domin tallafa wa waƙa kaɗai, ban da Lahadi ta huɗu da manyan bukukuwa.

9. Bayan ya shigo gida

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Minti 20 ko 30 kowace rana sun fi sa'a uku ranar Asabar kaɗai. A nemi kujerar da za ta sa hannun yaro daga gwiwa zuwa yatsu ya miƙe daidai da madannai. A fara da solfa da ƙungiyoyin mawaƙanmu suka saba da ita, a hankali a shiga karatun rubutun kiɗa. Kada a ce na maza ne kaɗai. 'Yan mata ma a ba su lokacinsu daidai, gama Waliyyiya Sisiliya, wadda muke tunawa ranar 22 ga Nuwamba, ita ce majiɓinciyar mawaƙa. Duk wanda yake kaɗa wa majami'a yanzu, muna roƙonsa ya ɗauki yara biyu ya koya musu kafin a canza masa wurin aiki. Kowace dare kuma, bayan Rosari, mai koyo ya raka iyali waƙa guda, ko da da hannu ɗaya ne. A kawo fiyanon wurin Fada ya sa masa albarka, domin yaro ya san tun farko ko domin wa yake koyo.

Tambayoyi domin nazari a gida da ƙungiya

1. In mai kaɗa mana fiyano ya tashi gobe, wa zai zauna a kujerarsa ranar Lahadi?
2. Bisa ga Musicam Sacram, mene ne aikin kayan kiɗa? A majami'armu ana jin kalmomin waƙa, ko ƙarar lasifika ta danne su?
3. A cikin abubuwa biyar da aka lissafa, wanne ne ba za a yi sassauci a kansa ba, don me?
4. Waɗanne lokatai ne ya kamata gidanmu ya rage ƙara saboda maƙwabta?
5. Waɗanne gidaje ne a cikinmu za su iya haɗa hannu su sayi guda ɗaya?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai ne ka ba bawanka Dawuda gwanintar hannu. Ka ba iyayenmu hikima wajen sarrafa abin da ka danƙa musu, ka ba yaranmu haƙurin koyo, ka sa waƙar gidajenmu ta zama abin yabo a gare ka da salama ga maƙwabtanmu. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Waliyyiya Sisiliya, ki yi addu'a dominmu.